Siton da ya aika wa masu saye maƙalaina 900: inda ya fitar da ni kunya, da inda ya ba ni wahala

A watan Oktoban 2024 na rufe neman kuɗin karo-karo a shafin intanet na Kickstarter, na wani ɗan ƙaramin abu da na shekara biyu ina gyara zanensa. Maƙali ne na alminiyam mai maganaɗisu. Ana liƙa shi a bayan allon laftof, a buɗe shi kamar fiffike, waya ta manne a jikinsa ta zama allo na biyu. Mutum 780 suka zuba kuɗi daga ƙasashe 31, wasu sun nemi bibbiyu, sai na sa aka ƙera 900 har da na ko-ta-kwana. Ni kaɗai nake aikin, ba ma'aikaci, ba abokin tarayya. Abin da nake so in yi magana a kai shi ne siton da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin wanda ya karɓi kayan daga masana'anta, ya ƙunshe su ɗaya bayan ɗaya, ya aika wa kowa nasa. Ba zan kama sunansa ba, tunda akwai ƙorafi a cikin maganar.

Sai kun san yadda kuɗin yake tafiya kafin ku gane abin da ya sa zaɓen sito ya hana ni barci. A Kickstarter, in ba ka kai adadin da ka nema ba, ko ƙwandala ba za ka karɓa ba. In ka kai, suna cire kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su cire kashi 3 zuwa 5, sauran ya shigo hannunka bayan kamar mako biyu. Masana'anta ta karɓi kashi 30 na kafin alƙalami, sauran 70 kuma sai ka cika kafin kwali ɗaya ya fita ƙofarta. Kuɗin aikawa kuwa tun a Oktoba na yanke shi, mutane suka biya, magana ta ƙare. Duk abin da ya ƙaru bayan nan daga aljihuna zai fito, kuma ribar abu irin wannan ba ta da kaurin da za ta ɗauki kuskure biyu.

Amfanin siton na farko ya zo tun ban biya su komai ba. A Disamba na tura wa ma'aikaciyar da aka haɗa ni da ita hoton kwalin da na zana, mai soso a ciki, tsawonsa santimita 18, faɗi 12, kauri 6. Ina alfahari da kwalin nan. Ta mayar mini da amsa da lissafi layi biyu. A jigilar jirgin sama ba sikeli kaɗai ake dubawa ba, ana auna wurin da kaya ya cinye: a ninka tsawo da faɗi da kauri a santimita, a raba da 6000 a sami nauyi a kilo, manyan kamfanonin gaggawa ma da 5000 suke rabawa, sannan a caje ka a kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske. Kwalina ya ba da giram 216, alhali shi da abin da ke cikinsa ba su wuce giram 140 ba. Wato iska zan riƙa biya wa kuɗin jirgi, sau ɗari bakwai da tamanin. Na sake zana kwali siriri, 14 da 9 da 3, na cire soson na sa takarda mai kauri da aka naɗe. Ita ce kuma ta tuna mini cewa maganaɗisu yana cikin kayan da dokar jiragen sama ta sa wa ido, saboda yana iya karkatar da kamfas, don haka sai an auna ƙarfinsa daga wajen kwali an ba da takarda kafin jirgi ya ɗauka. Suka kai samfur aka gwada, takarda ta fito tun kayan ba su iso ba.

Daga nan sai jira. Sabuwar shekarar Sin ta faɗo ranar 29 ga Janairun 2025, masana'antu suka rufe, ma'aikata suka tafi garuruwansu, aiki bai koma daidai ba sai can cikin Fabrairu. Launin zubin farko ya fito da bambanci, aka sake. Sai farkon Afrilu katan 18 suka shiga sito.

Kafin su bar masana'anta na biya wani mai duba kaya ya je. Ƙa'idar da ake bi ta ce in kaya sun kai tsakanin 501 da 1,200, a zaro 80 a duba, in manyan aibobi ba su wuce biyar ba kayan sun tsallake. Ya zaro 80, ya sami biyu masu ƙarzuwa, ya sa hannu. Hankalina ya kwanta, har na rubuta wa masu jira cewa mako mai zuwa za a fara aikawa.

Kwana biyu da isar kayan, da asuba, saƙon ma'aikaciyar siton ya shigo da ɗan bidiyo na daƙiƙa goma sha ɗaya. Ta buɗe katan na 17 don ta ɗauki hoton da za su sa a rajistarsu, ta zaro ɗaya, sai ta ga bari ta gwada da wayarta. A bidiyon ana ganin hannunta yana kai wayar kusa da zoben maganaɗisun maƙalin. Maimakon ka ji ƙas ɗin nan na mannewa, sai wayar ta zame gefe kamar ana ture ta. Ta sake kaiwa, ta sake zamewa. An dasa zoben maganaɗisun a juye. Daga waje ba abin da ido zai gani: launi daidai, gaɓa tana buɗewa lafiya, gam yana nan. Na kalli bidiyon ya fi sau ashirin, gabana yana faɗuwa, don na san mutumin da ya ba ni kuɗinsa wata shida da suka wuce, ya buɗe kwali ya tarar da abin yana tunkuɗe masa waya, ba zai sake yarda da maganata ba.

Ba a cikin yarjejeniyarmu aka ce su gwada kaya ba. Aikinsu ƙirga katan, liƙa adireshi, miƙa wa mai jigila. Duk da haka ta tsayar da komai ta tambaye ni abin da nake so a yi. Na ce a buɗe duka. Mutum biyu suka zauna da waya ɗaya, suna buɗe kwali, su kara, su mayar, su rufe da salatif, har 900. Suka ware 46, dukansu daga katan biyu na ƙarshe, waɗanda aka haɗa a ranar ƙarshe ta aiki, kuma samfurin mai dubawa bai faɗa kan ko ɗaya ba. Sun caje ni kuɗin aikin hannu a kan kowane ɗaya, sun faɗa mini adadin kafin su fara, na biya ba tare da na ji ciwo ba. Masana'anta ta karɓi 46 ɗin ta gyara.

Wannan jinkirin ya ci kwana tara, kuma ya zo a mummunan lokaci. Amurka ta riga ta sanar cewa daga 2 ga Mayun 2025, ƙananan kaya daga Sin da Hong Kong za su daina shiga ba haraji, bayan shekaru ana barin duk abin da bai wuce dala 800 ba ya wuce haka nan. Kusan rabin mutanena suna can. Siton ya ba da shawarar a fara da nasu, a bar na sauran ƙasashe su biyo baya, aka yi haka, mafi yawa suka shiga kafin ranar. Na Turai ma sun tafi sumul. Tun 1 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta soke sassaucin da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba, kowane ƙunshi sai an biya masa harajin VAT. Akwai tsarin IOSS na kayan da ba su wuce yuro 150 ba, inda ake biyan harajin tun daga wajen mai aikawa. Ta nan siton ya bi da su, don haka ba wanda ɗan aike ya tsaya masa a ƙofa yana neman ƙarin kuɗi. Ga mai ƙaramar sana'a wannan ba ƙaramin abu ba ne, don fushin mai saye a kanka yake sauka ko da kwastan ne suka riƙe kayan.

To, tsugune ba ta ƙare ba.

Takardar kuɗin siton ta ƙarshen Afrilu ta zo da layuka huɗu da ban taɓa jin labarinsu ba: kuɗin karɓar katan, kuɗin liƙa lambar rajista, kuɗin ajiya na kwanakin da aka yi ana gwaji, da wani ƙari na man jirgi. Ba wanda ya fito a takardar farashin da aka nuna mini tun farko. Da na tambaya sai aka turo mini wata doguwar takarda ta daban, aka ce ai suna ciki. Suna ciki kuwa, amma ban taɓa ganinta ba sai ranar. Na yi ta kai-kawo da sashen kuɗinsu har mako biyu kafin su janye na ajiyar, sauran na biya. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, don da na san da su tun Oktoba da na sa su a lissafi.

Na biyu shi ne canjin adireshi. Tsakanin ranar da mutum ya zuba kuɗi da ranar aikawa wata shida ne, mutane suna ƙaura. Manhajarsu tana kulle adireshi da zarar an ɗora jadawalin, ba za ka gyara da kanka ba sai ka aika imel ka jira. Mutum 23 suka sauya, huɗu ba a gyara nasu a kan lokaci ba, kayansu suka tafi tsofaffin gidajensu.

Wanda ya fi damuna shi ne ɓatan kaya. Ƙunshi bakwai lambar bibiyarsu ta tsaya cik a filin jirgi, ba gaba ba baya. A nan na ga bambancin ma'aikaciyar nan da sauran kamfanin. Ita takan amsa cikin awa kaɗan, amma neman diyya ba a hannunta yake ba, sashen da ke yi kuwa sai ka yi kwana biyar kafin a ce maka ana bincike. Wani dattijo da ya saya wa 'yarsa mai karatu ya rubuto mini sau uku, cikin ladabi, yana tambaya ko akwai labari. A na ukun na daina jiran sito, na sa aka aika masa wani daga na ko-ta-kwana. Haka na yi wa sauran shidan. Diyyar biyar daga cikin bakwai ɗin ta fito bayan wata biyu, kuma kuɗin jigila kawai aka mayar, ban da kuɗin kayan, saboda ban sayi inshora ba. Wannan kam laifina ne, an nuna mini ita na tsallake don in rage kashe kuɗi.

In kuna da kaya ɗari biyar zuwa dubu biyu, ƙanana marasa nauyi, masu saye a warwatse a duniya, kuma masana'antarku tana kusa da siton, zan ce ku gwada sito irin wannan. Kwaso kayan ku kawo wurinku, ku biya kwastan, sannan ku sake aika su ƙasa talatin ɗaya bayan ɗaya, ya fi tsada, ya kuma fi cin lokaci. Wanda kayansa ɗari ne ko ƙasa da haka, ko mai son ya sa 'yar wasiƙa da hannunsa a kowane kwali, ƙananan cajin nan za su cinye masa riba, gara ya ƙunsa da kansa.

Zubi na biyu yana hanya, guda 600, kuma wurinsu zan kai. Na rubuta musu sharuɗɗa biyu kafin in sa hannu. Na farko, a gwada kowane maƙali da waya kafin a rufe kwalinsa, a sa kuɗin a cikin yarjejeniya. Na biyu, duk cajin da ba ya cikin takarda ɗaya da muka sa wa hannu ba zan biya shi ba. Sun amince da na farkon a ranar. Na biyun an ce yana wajen sashen kuɗi, yau kwana shida ke nan, kuma na gaya wa masana'anta kada ta saki katan ko ɗaya sai amsar ta zo a rubuce.