Wane lensi za ka saya in kana son hotonka ya kama abin da ke fuskar mutum?

Matasan da ke shigowa sana'ar hoto sun fi tambayata wace kyamara za su saya. Ni kuwa nakan ce a jingine maganar kyamara tukuna, a yi ta lensi. Duk kyamarar da ta fito daga 2012 zuwa yau, muddin lafiyarta ƙalau, za ta fitar da fuska tas. Gilashin da ke gabanta shi ne yake nuna maka inda za ka tsaya, kuma tazarar da ke tsakaninka da mutum ita ce ke sa ya saki jiki ko ya ƙame.

Mu nan kunya ce babbar abokiyar gwagwarmayar mai hoto. Amarya ranar kamu kanta a sunkuye yake, mayafi ya rufe rabin fuska. Dattijo ba zai tsura wa kyamara ido yana washe baki ba. Uwar amarya kuwa, hawayen da take ɓoyewa lokacin da za a fita da 'yarta, tana ganin ka matso za ta sa gefen mayafi ta share. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar ba ta amsa wa wanda ya tsaya mata a ka. Tun a 1862 wani likita Bafaranshe, Duchenne de Boulogne, ya nuna cewa murmushin gaskiya ba a leɓe kaɗai yake ba, sai naman da ya kewaye ido ya motsa. Murmushin "yi dariya mana" a baki yake tsayawa. Wancan na ido kuwa ba ya jira, ƙiftawa da bismilla ya wuce. Saboda haka abu uku nake nema a lensin ɗaukar fuska: ya ba ni tazara, ya sha haske a ɗaki mai duhu, ya kama ido da sauri.

Lensin 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara a wajen shan haske yake faɗuwa. In ka zuƙo shi zuwa 55mm ƙofar haskensa f/5.6 ce, ita kuwa lambar f iya ƙanƙantarta iya faɗin ƙofar, wato lensi mai f/1.8 ya ninka shi shan haske kusan sau 10. A ɗakin amarya sai ka kunna filasha, filasha kuwa tana haskawa kowa ya gyara zama.

Lensin 35mm na hoton taro ne da na ɗaki. In ka ce da shi za ka cika hoto da fuska ɗaya, dole ka matsa har mutum ya ji numfashinka, kuma hanci zai kumbura. Wani bincike da likitocin gyaran fuska suka wallafa a Amurka a 2018 ya gano cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin 100, amma daga mita ɗaya da rabi hancin yana fita daidai. Shi kuma 70-200mm f/2.8, aikinsa ba a magana, sai dai nauyinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa ya sayi kyamara guda har da canji, kuma da ka ɗaga shi duk zauren ya san da zuwanka.

Saura biyu ke nan: 50mm f/1.8 da 85mm f/1.8.

Na 50mm shi ne abokin mai ƙaramin jari. Canon EF 50mm f/1.8 STM ya fito a 2015 a kan kimanin dala 125, nauyinsa giram 160, gindinsa ƙarfe ne. A kan kyamara mai ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), irin su Canon 600D, 700D ko 80D, ana ninka lambar mm ɗin da 1.6, sai ya yi aikin 80mm. A Nikon D5300 da danginta ana ninkawa da 1.5, ya zama 75mm. In irin wannan kyamarar ce a hannunka, sayi 50mm ka huta. Amma mai Nikon ya buɗe ido: akwai 50mm f/1.8D, akwai f/1.8G. Mai D ba shi da injin fokas, wato mai saita kaifin hoto, a cikinsa, kuma D3100, D3200, D5100, D5300 da ire-irensu ba su da injin da zai juya shi, sai dai ka murza da hannu. Ya fi araha, shi ya sa ake tura wa sababbin shiga shi ba tare da an yi musu bayani ba. Mai G za ka nema.

Wanda raina ya fi kwantawa da shi dai 85mm f/1.8 ne a kan babbar sensa, irin ta Canon 6D, 5D Mark III, Nikon D750 ko Sony a7 III. Da shi kana tsaye mita 2 ko 3 daga mutum za ka samu kai da kafaɗa sun cika hoto. Wannan 'yar tazarar ita ce sirrin. Ba ka yi kusan da za a ji nauyinka ba, ba ka kuma yi nisan da sai ka ɗaga murya ba. Kana iya tambayar tsoho labarin jikarsa da murya ƙasa-ƙasa, ido na kan kyamara, har fuskarsa ta buɗe. Kana iya raɓewa jikin ƙofa lokacin da ƙawaye ke tsokanar amarya, ta ɗago ta harare su tana danne dariya, ka ɗauka ba ta ma san ka yi ba. Fuska tana fita yadda Allah ya halicce ta, hanci da kunne kowa a mazauninsa. Bayan mutum kuma ya dishe, kujerun roba da wayoyin lantarki da 'yan kallo duk su narke, ido ya sauka kan fuskar kaɗai.

Na Canon, EF 85mm f/1.8 USM, tun 1992 aka fito da shi, nauyinsa giram 425, kuma har yau saurin fokas ɗinsa ya ishi biki. Aibinsa ɗaya da kowa ya sani: in ka buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya a rana, yakan bar wani shunayya-shunayya a gefen farar shadda ko duwatsun leshi. Ka rage zuwa f/2.5, yawancinsa zai tafi. Na Nikon, AF-S 85mm f/1.8G na 2012, ya fi shi sauƙi a hannu, giram 350, kuma ya fi shi kaifi a buɗe. Na Sony, FE 85mm f/1.8 na 2017, in ya haɗu da kyamarar da ke bin ƙwayar ido da kanta, aikin ya zo da sauƙi ƙwarai. Wanda ya koma Canon EOS R ko RP ba sai ya zubar da tsohon EF ba, adafta ce kawai zai ƙara.

Abu biyu ka riƙe kafin ka biya. Dukansu ukun ba su da na'urar hana rawar hannu, don haka kada gudun ɗaukarka ya yi ƙasa da 1/200 na daƙiƙa. Sannan a f/1.8, daga mita 2, kaurin wurin da ke fita da kaifi bai wuce santimita 6 ba. In mutum ya ɗan karkata, ido ɗaya zai fita, ɗayan ya dishe. Ni tsakanin f/2.2 da f/2.8 nake zama, in ɗora fokas a kan idon da ya fi kusa da ni. A ƙaramar sensa kuma 85mm yana komawa kamar 136mm a Canon, ɗakunanmu kuwa ba su da wannan filin, bango zai tare ka.

To, yanzu maganar da ta fi ci mini rai. Yawancinmu na hannu muke saye, kuma a nan ake yanka mutane. An taɓa sayar mini da 85mm a wani shago, jikinsa fes kamar yau aka ɓare shi daga kwali, mai shagon har da rantsuwa. Aka yi biki da shi, na zo dubawa a kwamfuta, kowace fuska kamar an lulluɓe ta da hazo, fokas kuma yana sauka a kunne maimakon ido. Ashe an taɓa buɗe shi an goge fumfuna, aka mayar da gilasan ba daidai ba. Da na koma, ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Kuɗin bai dame ni kamar fuskokin mutanen da ba za a sake tara su a wannan rana ba.

Saboda haka kada ka je sayen lensi ba tare da kyamararka da tocila ba. Cire murfin gaba da na baya, ka haska daga baya ka leƙa ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai ba ce, mu da ke shan hunturu ba lensin da zai tsira daga ita. Amma in ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, tana cin rufin gilashi, ajiye masa kayansa. In ka ga dishi-dishi kamar tururi, shi ma haka. Kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku masu laima sun fi kamuwa da wannan. Dubi kan ƙananan sukurorin gindinsa: in sun kwarzane, an taɓa buɗe shi. Dubi fukafukan ƙofar haske, kada ka ga maiƙo a kansu. Girgiza shi a hankali kusa da kunne. Sannan ka ɗaura shi a kyamararka, ba ta mai shago ba, ka sa wani ya tsaya, ka buɗe f/1.8, ka ɗora fokas a idonsa ka ɗauka sau da yawa, kana zuƙo kowane hoto har ƙarshe. In gashin ido bai fita ɗaya-ɗaya ba, sai kunne ko kan hanci, akwai matsala. Kyamarori irin 6D, 80D da D750 suna da wurin gyara ɗan wannan kuskure, amma 600D, 700D da D3200 ba su da shi.

Jabu ma akwai. A 2016 kamfanin Canon da kansa ya yi gargaɗi kan jabun EF 50mm f/1.8 II, tsohon nan mai gindin roba. Alamar da ya bayar tana gindin lensin: a na gaskiya akwai tazara tsakanin CANON da INC, a jabun kuwa an haɗe su. Yongnuo ba jabu ba ne, kamfanin Sin ne mai sunansa, sai dai fokas ɗinsa yana da ƙara da jinkiri, kuma bai kamata a karɓi kuɗin Canon a kansa ba. Lambar jikin lensi ta dace da ta kwali. Ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lambar, domin ana satar kayan masu hoto a wuraren biki, ranar da mai shi ya gane kayansa a hannunka rasit ne zai fitar da kai. Wanda ya ce ka tura kuɗi ta waya ya sa maka a mota, in ba amintaccenka ba ne, ka ce a kai kasuwa.

Kada kuma ka gama wannan wahalar ka ƙarasa da memori na bogi. Akwai masu tambarin SanDisk da ke nuna 128GB alhali cikinsu bai kai haka ba, sai an cika ainihin wurin hotuna su fara lalacewa ba ka sani ba. Manhajar H2testw kyauta ce a kwamfuta, tana cika katin ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Gwada shi kafin ya ga biki. In damina ta kama, lensin ya kwana a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi, kana shanya su a rana lokaci-lokaci.