Dogon allo ɗaya ko tablet huɗu? Amsa ga Hajiya mai shirya baje koli

Hajiya ta tambaya: "Muna shirya baje kolin kwana uku na mata masu ƙananan sana'o'i a Kaduna cikin Fabrairu. Rumfa wajen 120 ce, rabi a cikin zaure, rabi a fili ƙarƙashin kanofi. An kawo mini farashi biyu na na'urar da baƙo zai taɓa ya ga inda rumfa take: dogon allo mai inci 43 guda ɗaya, ko tablet huɗu a kan ƙafar ƙarfe. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ɗauki tablet ɗin. Duka biyun ina da su. Tablet ɗina huɗu yanzu haka suna wurin wani taro an karɓe su haya, shi kuwa dogon yana sito a jingine da bango, an lulluɓe shi da tsohon labule, yara sun mai da kansa wurin ajiye hula.

Abin da ya ja ni na saye shi, a Oktoban 2019 na je baje kolin Canton a birnin Gwanzu na ƙasar Chana, wanda ake yi sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, tun 1957. Irin waɗannan alluna na gani a can suna ta ƙyalli, na ce wallahi sai na kai wannan Kano. Ban tsaya na lura ba cewa zauren nasu a rufe yake ruf, ga sanyin na'ura, ga kafet, wuta ba ta ko ƙiftawa. A 2022 da na tashi saye, Chana ba ta shiguwa saboda dokokin korona, sai na bi ta hannun wani dillali. Hoto ya turo mini da bidiyo na daƙiƙa ashirin, na tura kuɗi. Cinikin biri a sama ke nan, kuma na san ba a yi, amma na yi.

Da ya iso, ƙarti huɗu ne suka sauke shi daga mota cikin akwatinsa na katako. Aikin farko da muka kai shi a fili ne, cikin Disamba. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar baje kolin Kano ta titin gidan zu a wannan lokaci, ko ta Kaduna da ke hanyar Zariya a farkon shekara, ya san yadda hazo da ƙafar jama'a ke tayar da ƙura. To irin wannan ƙurar ce ta gama da shi. Ashe irin waɗannan alluna na taɓawa yawanci iri biyu ne. Akwai wanda gilashin kansa ne ke jin yatsa, irin na wayar hannu. Akwai kuma wanda aka jera wasu ƙananan fitilu da ido ba ya ganin haskensu a cikin firam ɗin gefensa, da zarar wani abu ya gitta hasken sai ya ɗauka an taɓa shi. Nawa na biyun ne, duk da a takarda an rubuta na farko. Kafin azahar ƙura ta kwanta a firam ɗin ƙasa, allo ya fara aiki shi kaɗai kamar mai aljanu. Ina tsaye ƙuda ya sauka a kai, shafin masu kilishi ya buɗe. Mutane suka yi ta dariya, wani ya ce ai ƙudan ya san abin da yake nema. Ni ban yi dariya ba.

Sai rana. Hasken allo ana auna shi da abin da ake kira nit. Na cikin ɗaki yawanci 300 ne zuwa 350, wanda kuwa aka yi domin waje yakan kai 1,500 zuwa 2,500, kuma kuɗinsa wani labari ne daban. Nawa na ɗaki ne, don haka daga hantsi zuwa la'asar fuskarka kawai kake gani a ciki kamar madubi. Ga shi ba shi da batir. Duk lokacin da aka canja janareta sai ya mutu, ya ɗauki mintuna kafin ya dawo, wani lokacin ma ya tsaya a shafin farko na Android yana jiran a zo a buɗe masa taswira. Rana ta biyu na kashe shi, na manna masa takarda.

Ba zan ci amanarsa ba: a cikin zaure mai sanyi yana da kwarjini, manyan baƙi suna son tsayawa a gabansa a ɗauke su hoto, kuma kamfanin da ya ɗauki nauyin taro yana jin daɗin ganin tallarsa tana yawo a kai. Shi ke nan abin da zan iya cewa.

Tablet kuwa, a 2023 na sayi Samsung Galaxy Tab A8 guda huɗu, masu inci 10.5. Mai walda na unguwarmu ya yi mini ƙafafunsu da bututun ƙarfe, ya zuba kankare a tsohon rim ɗin mota ya zama gindi, ya yi ɗan keji a sama mai ɗaukar kwaɗo, da ɗan rufi kamar hular kwano don inuwa. A bayan kejin akwai aljihun da ake saka fawa bank mai ƙarfin mAh 20,000. Batirin tablet ɗin kansa mAh 7,040 ne, idan aka ƙure haske ba ya kai wa yamma, amma da fawa bank muna wuni ba ruwanmu da mai janareta. Duka huɗun da ƙafafunsu a Keke Napep biyu nake kai su. Sau ɗaya wani yaro ya fasa gilashin ɗaya, na kai kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da safe, kafin la'asar na karɓo. Dogon kuwa da firam ɗinsa ya lalace, duk wanda na kira sai ya ce sai dai a yi oda.

Amma babban dalilin ba na kuɗi ba ne. Mutum ba a bakin ƙofa yake ɓata ba. A ƙofa kowa ya san inda yake. Sai ya shiga, ya sha kwana sau biyu ko uku, ya tsaya a mararraba, sannan yake neman mai nuna masa hanya. Dogon allo ɗaya a ƙofa zai tsaya, a yi masa cincirindo, mutum ɗaya yana taɓawa goma suna leƙe, wanda ya duba kuma kafin ya yi taku hamsin ya manta. Ke da wurinki ya kasu biyu, sa ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a inda zaure ya haɗu da fili, ɗaya a tsakiyar layukan kanofi, ɗaya kusa da masu abinci.

Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa da ita. A wani baje koli na masu sana'ar hannu ta zo daga ƙauye neman rumfar 'yarta mai sayar da man kaɗanya. Wayar 'yar ba ta shiga, ita kuma ba ta san sunan da aka rubuta a rumfar ba, boko ma ba ta yi ba. Ta zagaya har ta gaji, ta zo ta tsaya kusa da tablet ɗin tana gyara mayafi. Yaron da na ajiye a wurin ya gaishe ta, ya ce, "Iya, me take sayarwa?" Ta faɗa. Ya ce ta taɓa hoton ƙwarya mai mai a ciki. Ta ɗan ja baya, ta ce kada ya ja ta da wuta. Da ƙyar ta sa ɗan yatsa ɗaya, sai ga hotunan rumfuna uku sun fito. Ta biyun tana fitowa ta dafe ƙirji: "La ila, ga ta nan, ga ma zanen da na ba ta!" Allo ya nuna layin kore, rumfa ta 7. Bayan kamar awa guda sai ga ta ta dawo da alkaki a ƙulle a leda ta miƙa wa yaron, ta kuma tsaya tana koya wa wata mata yadda ake taɓawa. Da a gaban wancan ƙaton ne, da matasa sun yi masa zobe, ba na jin za ta ko matsa kusa.

Kin ga abin da ya yi aiki a nan: hoto, launi, da yaro mai ladabi a gefe. Don haka duk wanda zai haɗa miki taswirar, ki ce masa kada ya jera sunayen kamfani. Ba mai zuwa yana neman "Wance Global Ventures". Turaren wuta ake nema, atamfa, yaji, kayan yara, lalle. Kowanne da hotonsa, rubutu da Hausa manya-manya, Turanci a ƙasa. Shafin farko kuma ki sa banɗaki, wurin sallah, masu POS da ƙofar fita, don a nawa lura su aka fi taɓawa fiye da kowace rumfa. Kowane layi ki ɗaura masa tuta mai launi a sama yadda za a hango, launin ya yi daidai da na allo. Wannan darasin ma daga Canton na ɗauko shi, kuma ya fi dogon allon amfani: lambar rumfa a can ita da kanta take gaya maka zaure, bene, layi da rumfa, ko ba na'ura za ka kai kanka.

Abu biyu da masu haɗa manhaja ke yawan mantawa. Alamar "kina nan" dole ta bambanta a kowace na'ura, kuma taswirar ta fuskanci inda mai kallo ya fuskanta, yadda abin da ke damansa a fili shi ne a daman allo. Na taɓa kwafe taswira ɗaya na zuba a duka huɗun, muka wuni muna tura mutane gabas alhali yamma za su. Na biyu, komai ya zauna a cikin tablet ɗin, kada ya dogara da intanet. Inda jama'a suka taru sabis yakan yi nauyi, ranar buɗewa ma ko kira da ƙyar. Sannan a kulle shi a shafi ɗaya. Ni manhajar Fully Kiosk Browser nake amfani da ita wajen kullewar, in ba haka ba kina juya baya za ki tarar yara sun shiga YouTube.

Aibun tablet da zan gaya miki tun yanzu: ƙarami ne, daga nesa ba a ganinsa, don haka ki sa bana a samansa an rubuta "Nemi rumfa a nan". Idan rana ta doke shi kai tsaye zai yi zafi ya rage haske da kansa, inuwa ba zaɓi ba ce. Kuma tunda taron mata ne, masu sanya safar hannu gilashin ba zai ji yatsarsu ba. Ki sayi ɗan alƙalamin taɓa allo mai bakin roba, ki ɗaure da zare a jikin kowane keji. Da dare a cire su a tafi da su gida, kwaɗo na tsare mai kunya ne kawai.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, ko wanne kika zaɓa. A ɓangaren tablet akwai marasa suna da ake rubuta wa kwali RAM 12GB da ma'ajiya 512GB, a kuɗin da ko rabin na gaske bai kai ba. Ƙarya ce, har shafin saitin cikinsu an gyara shi ya faɗi haka. Ki sayi sunan da aka sani, a buɗe kwali a gabanki, a ba ki rasit mai lambar na'urar. Wasu kuma na hannu ne suke sake naɗewa a leda su ce sabo dal. Ki sa a kunna bidiyo na rabin awa ki ga yadda batir ke sauka. A ɓangaren dogon, gwajin mai sauƙi ne: ki taɓa allon da murfin biro ko gefen mayafinki. In ya amsa, mai fitilun gefe ne, ko me aka rubuta a takarda. Ki tambayi nit nawa ne, ki ce a fito da shi waje da tsakar rana. Ki sa a nuna miki abin da ke cikinsa, don har yanzu ana sayar da masu tsohon injin RK3288 na tun 2014 a cikin sabon jiki. Sai tarkon da ya fi ciwo: manhajar taswira. Wani zai ce kyauta ce, sai kin biya ki gane ta wata uku ce, daga nan kuɗin shekara da dala, kuma ko lambar rumfa ɗaya ba za ki iya canjawa ba sai kin kira shi. Alhali daren jajibere sai an yi canje-canje, wata ta fasa zuwa, wata ta ce ba za ta zauna kusa da kishiyarta ba. Kafin ki ba da kafin alƙalami, ki zauna ki canja sunan rumfa ɗaya da hannunki a gabansa. In ya fara kame-kame, tashi ki tafi.

Idan masu ɗaukar nauyin taron sun dage sai sun ga babban allo, ki karɓo haya na kwana uku, su biya, a ajiye shi cikin zaure yana nuna tallarsu. Ragowar kuɗin dogon ki buga babbar taswira a bana biyu, ki ɗauki 'yan mata huɗu masu fara'a ki tsayar da kowacce gefen tablet ɗaya, ki ba su abincin rana. In kuma duk da haka ranki na kan dogon, kada ki yi oda. Nawa yana nan, zan sallama miki a rabin kuɗi, amma ke za ki turo masu ɗauka.