Tiyon birki: na Golf da na Toyota, noti ɗaya amma baki daban

Salam 'yan uwa. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya jiya, wai ya samo kalifa (ƙarfen da ke matse disk in an taka birki) ta Beljiyam zai maida birkin bayan Golf 3 ɗinsa daga dram zuwa disk, kuma mai kaya a Sabon Gari ya ba shi tiyo da fayif na Toyota yace ai noti ya shiga, to dan Allah Alhaji ka dakata tukuna kar ka ɗaura.

Gaskiya ne notin ya shiga, don duka biyun yawanci girman zarensu ɗaya ne, wato M10x1, kaurin fayif ɗin ma ɗaya ne, 4.75mm. Amma fa ba noti ke tare man birki ba, bakin fayif ɗin ne. Na Volkswagen da sauran motocin Jamus bakinsa a kumbure yake kamar kan albasa, shi yake zama cikin rami a can ƙasan inda ake ɗaurewa. Na Toyota da Honda kuwa bakin a buɗe yake kamar mazurari, an ninke shi biyu, yana hawa kan wani ɗan tsini ne. Kaga in ka haɗa mazurari da rami babu abin da ya zauna a kan wani, noti zai ɗauru tamau, makanike ya fitar da iska ya taka yaji birki yayi tauri kowa ya tafi gida, sai ranar da ka taso daga Kwangila da gudu tirela ta tsaya a gabanka ka danna da ƙarfi, a nan ne mai zai tsarto ƙafarka ta tafi ƙasa. Wallahi wannan ne yake ban tsoro, don mota ce ta iyali.

Akwai ma wanda ya fi wannan haɗari, notin motocin Amurka na inci, 3/8-24. Kaurinsa 9.5mm ne, sai ya shige ramin M10 kamar nasa amma yana ɗan girgiɗi, matsi na zuwa zaren ya cinye. Duk notin da kaji yana rawa a hannu kafin ka sa sufana, ajiye shi.

Batun tiyon roba da mai saƙar waya da ka haɗa a tambayar, ni a ganina roba sabuwa mai kyau ta ishe ka. Mai wayar ba ya kumbura sosai shi yasa birki ke ɗan ƙara tauri, amma yana da tsada kuma in ya fara lalacewa daga ciki ba ka gani. Tsohuwar robar da ta zo jikin kalifar ce dai ban yarda da ita ba ko kaɗan, tana iya toshewa ta ciki mai ya tafi ya ƙi dawowa, taya ta riƙe tana zafi.

Ka cire tsohon fayif ɗinka ka tafi da shi kasuwa, ka jera bakin biyu ka duba da idonka. In kalifar mai bolt ɗin banjo ce (bolt mai rami a ciki da mai ke bi) ka sa sabbin woshan tagulla guda biyu, kar a maida tsoffi. Bayan an ɗaura a ɗaga motar da jak taya ta sauko gaba ɗaya, a ga tiyon bai miƙe ba kuma bai goga jikin komai ba. Man birki kuma ka sa mai lamba DOT 4, kar a bari wani ya zuba maka DOT 5 a kai.