Lesin da ya fitar da ƙanwata a Kimistiri

Ƙanwata ta gama sakandare da kiredit huɗu, Kimistiri ya kayar da ita. Makarantar koyon aikin jinya kuwa sai da biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, a zama ɗaya ko biyu. Sai muka sa ta wani lesin a Kabuga don ta sake zana NECO.

Malamin Kimistirin kam gwani ne, tambayoyin shekarun baya yake bi da su ɗaya bayan ɗaya, ba ya wucewa sai kowa ya gane. Amma ajin a cushe yake, fanka ɗaya tal, malamin Fizis kuma sai ya ga dama yake zuwa. Kuɗinmu na Fizis dai an ci banza.

Ta samu kiredit C5 a Kimistiri, alhamdulillahi. Yanzu JAMB ta sa a gaba.