Akwatin rage kuɗin wuta da na saya a Facebook, ga yadda muka ƙare

Wallahi da ban yi niyyar rubutawa ba don kunya, amma jiya na ga wata ƙawata ta turo tallar akwatin nan a gurup ɗinmu na WhatsApp har tana cewa a haɗa kuɗi a yi oda tare, sai na ce a'a bari dai in faɗi nawa.

Ni a Tudun Wadar Zariya nake, ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo, firiza biyu gare ni, kuma kun san mai firiza kullum ransa na kan mita. Tun da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 hankalin kowa ya tashi, har waɗanda ƙarin bai shafa ba. To ana cikin haka na ci karo da bidiyon, wani ɗan akwati kamar kan caja, wai ka soka shi a soket kawai ya raba maka kuɗin wuta biyu, a ƙasa kuma an rubuta in ka sayi guda uku kusan kyauta za ka riƙa shan wuta. Kwamen kuwa sai yabo, kowa na cewa Allah ya saka. Daga baya na lura duk kalar rubutunsu ɗaya ce.

Na tura dubu 18 ta taransifa, bayan kwana huɗu direba ya kira ni in zo Kwangila in karɓa, na ƙara masa kuɗin saƙo, ga kuɗin keke zuwa da dawowa. Kwalin dai ba laifi, yana sheƙi. Na soka kusa da firiza, wani ɗan koren ƙwai ya kama, ni kuwa har da hamdala.

Abin da ya taimake ni shi ne da ma ina rubuta yunit ɗin da ya rage a jikin kalanda kowace safiya. Kafin akwatin, ranar da wuta ta zauna muna shan yunit 6 zuwa 7. Bayan akwatin? 6 zuwa 7 ɗin nan dai, sati biyu cur, ko ɗigo bai ragu ba. Na yi wa mai kayan magana ya ce Hajiya ki yi haƙuri sai ya yi wata guda ya saba da wayarin ɗin gidan. Wai ya saba, kamar amarya.

Ranar Juma'a ƙanena da ke karatun injiniyan lantarki a ABU ya zo daga Samaru, ya sa sukudireba ya buɗe shi a kan tabarma. Jama'a, cikin nan fayau, kafasita ɗaya irin na fanka, da fiyus, da ƙwan nan mai kore, shi ke nan. Ya yi ta dariya har na ji haushi. Ya ce Yaya, mitar gida ainihin wutar da kayanki suka ci take ƙirgawa, kafasita ba ya rage wannan, manyan masana'antu masu injuna ne yake wa amfani don lissafinsu daban ne. Ya ce wannan koren ƙwan ma da kike yi wa hamdala, wutarki yake sha. Na nuna masa wani bidiyon kuma na fanka da maganaɗisu da ke kunna ƙwai ba tare da NEPA ba, ya ce batir suke ɓoyewa, wuta ba ta fitowa daga babu, ko a Kainji da Shiroro sai ruwa ya juya inji kafin a samu.

Da na tura wa mutumin hoton cikin akwatin, ko minti biyar ba a yi ba ya yi bulokin ɗina. Bayan kwana biyu kuma wata baƙuwar lamba ta kira, wai sunana ya fito a rabon sola kyauta, in biya dubu 5 kuɗin fom in turo BVN da lambar da za ta shigo wayata. Nan kam na farka, na ce masa ya kai wa gyatumarsa solar.

Abin da ya ɗan rage mana yunit a ƙarshe, ƙanen nawa ne ya sa aka canza robar ƙofar tsohuwar firizar da ta saki, muka janye firizojin daga jikin bango don su sha iska, muka cire ƙwayayen nan masu zafi muka sa LED. Ba wani ragi na a zo a gani ba ne amma kalanda ta nuna.

Akwatin kuma yana nan, autana ya ɗaure masa zare yana ja a tsakar gida wai motarsa ce.