Katin sadarwa na Intel I210: yana tada kwamfuta daga nesa, muddin akwai wuta

Na saka katin sadarwa mai ɗauke da cif (ɗan ƙwaƙwalwar lantarki) na Intel I210 a babbar kwamfutar shagonmu na buga takardu da ke titin Ahmadu Bello a Kaduna, wadda muke ajiye ayyukan kwastomomi a cikinta. Abu biyu nake nema, kuma na same su.

Na farko shi ne gudu. Katin yana aikawa yana karɓa a lokaci guda, megabit 1,000 a daƙiƙa kowane ɓangare. A tsohon tsari sai ɗaya ya yi shiru ɗaya ya yi magana, kamar rediyon oba-oba, in kuma suka haɗa baki saƙonnin su yi karo a sake aikawa. Tun 1997 aka kafa ƙa'idar da ta kawar da wannan, amma sai an haɗa da suwic (akwatin da ke haɗa kwamfutoci da juna) da kebul na kirki ake moronta. Wannan gudun yana buƙatar duka wayoyi 8 na cikin kebul ɗin. Wani kebul da aka haɗa mana a kasuwa guda 4 kawai ke aiki a cikinsa, nan take katin ya sauka zuwa megabit 100. Da muka canja shi, yara uku suna jan manyan fayilolin fosta lokaci ɗaya ba wanda ya yi ƙorafi.

Na biyu kuwa shi ya fi burge ni. Ko an kashe kwamfutar, cif ɗin yana nan a farke da 'yar wutar da ke ratsa shi, yana jiran wani ɗan saƙo mai bayit 102 wanda aka maimaita lambar MAC ɗin katin, wato lambar shaidarsa, sau 16 a cikinsa. Da ya gan shi sai ya kunna injin. Ina gida a Rigasa kwastoma zai kira da daddare yana neman katin gayyatar biki, sai in shiga rautar shago (na'urar da ke haɗa mu da intanet) ta waya, in tada kwamfutar, in tura masa. Wanda ya san cunkoson hanyar Rigasa ya san abin da na huta.

Sai dai ba ya zuwa a shirye. Dole a kunna Wake-on-LAN (sunan wannan tsarin tadawa) a BIOS, wato saitin farko na kwamfutar, a kashe saitin tsimin wuta na ErP in akwai, don shi ke yanke wannan 'yar wutar, sannan a kashe Fast Startup a Windows.

Babbar matsalar ita ce ɗauke wuta, kuma wannan ba laifin katin ba ne. In wuta ta yanke gaba ɗaya cif ɗin ma ya mutu, kuma a injinmu ko an dawo da ita ba ya amsawa sai an danna makunni da hannu sau ɗaya. Shi ya sa na mayar da kwamfutar da suwic da rauta duka kan inbata. Duk mai shago a Kaduna da ba shi da inbata ko sola, ya sayi katin don gudunsa, kada ya sa rai da tadawa daga nesa.