Maganin tsatsa a jikin tsohuwar Kombi: inda ya yi aiki da inda ya gaza

Masu sha'awar tsofaffin motoci kan tambaye ni ko ruwan nan da ake shafa wa tsatsa ta koma baƙa yana da amfani, ko kuwa asarar kuɗi ce kawai. Na yi aiki da shi a jikin Volkswagen T2 ɗina, ƙirar 1974, irin mai ɗakin kwana da kamfanin Westfalia na Jamus ke shiryawa, tun daga ƙarƙashin bodi har rufi. Motar ta sha ruwan sama da zafin rana bayan an gama, don haka ina da abin faɗa. Maganin yana aiki ƙwarai da gaske, amma sai inda ƙarfen ke da sauran ƙwari. Inda tsatsa ta riga ta huda, ko ta shige tsakanin falle biyu, ba abin da zai yi maka.

Wannan samfurin mota, wanda mutane da yawa ke kira Kombi, an ƙera shi a Jamus daga 1967 zuwa 1979, Brazil kuma ta ci gaba da ƙera shi har ƙarshen 2013. Injinsa a baya yake, a ƙirar Jamus iska ke sanyaya shi, kuma gyaransa ba wuya. Bodin ne ke ba mai gyara aiki. An haɗe shi da shasi da walda, ba a kwance su daban, saboda haka ruɓewar ƙasan mota ba matsalar kyan gani ba ce kawai, ƙarfin motar ne gaba ɗaya ke raguwa. Kuma tsatsa tana da wuraren da ta saba zama a cikinta: dokin ƙofa na ɓangarorin biyu, wuraren kafa jak, sandunan da ke fitowa daga shasi suna tallafe daɓen motar, matakin hawa na gaba, gefen madigadi, ƙarƙashin robar gilashin gaba, kwatar ruwan da ta zagaye rufi, da mazaunin batir a kusurwar dama ta ɗakin injin. Motar kwana tana da ƙarin nata ciwon, domin numfashin masu barci da tururin girki suna zama raɓa a cikin bangon motar, bayan katakon da aka rufe shi da shi, inda ido ba ya kaiwa.

Maganin da na saya mai ruwa-ruwa ne, fari kamar madara, kuma ginshiƙinsa asid ɗin tanik ne, dangin sinadarin da ake jeme fata da shi. Idan ya haɗu da tsatsa sai ya mayar da ita wani abu baƙi mai ɗan shuɗi, wanda ba ya ci gaba da cin ƙarfe, sannan wani ɗanko da aka gauraya a ciki ya bushe a kai ya rufe. Akwai wani nau'in da ake yi da asid ɗin fosforik, wanda wasu irinsa sai an wanke bayan shafawa. Ban zaɓi wannan ba saboda ba na son kai ruwa cikin lungunan da ba zan iya busarwa ba.

Na fara da kwatar rufi da sandunan shasi, inda tsatsar sama-sama ce. Na kankare ɓawon da buroshin waya, na bi da sanfefa, na goge maiƙo da giris tas, na bar jan-jan da ya maƙale a ramukan ƙarfen. Wannan jan shi ne abincin maganin. A kan ƙarfe mai sheƙi ko tsohon fenti ba ya yin komai, sai dai ya bushe ya zama wata fata da ke saurin ɓantarewa. Bayan shafawa da mintuna kaɗan launin ya fara juyewa, kafin a jima wurin ya yi baƙi ƙirin. Na ƙara shafi na biyu siriri, na bar shi ya kwana ya bushe, sannan na ɗora fenti na farko mai ifoksi, wato wani irin ɗanko mai ƙarfi.

A waɗannan wuraren ban da ƙorafi ko kaɗan. Kwatar rufi ita ce ta fi burge ni, domin wuri ne matsattse da injin gurza ba ya shiga sai ya cinye lafiyayyen ƙarfe, kuma ruwa kullum a nan yake taruwa. Har yau fentin lafiya lau, ba kumburi ko ɗaya. Haka ma cikin rufin, da bayan bangon da na cire wa katako, inda tsatsar ta bazu ɗigo-ɗigo. Aikin da zai ci ƙarfin hannu sosai, buroshin fenti ya gama shi cikin sauƙi, kuma ba warin da ke hana mutum numfashi. Duk da haka safar hannu da tabarau wajibi ne, don yana baƙanta fata ya daɗe bai fita ba.

Matsala ta fara ne a mazaunin batir. Asid ɗin batir ya ɗiga a wurin shekara da shekaru, ƙarfen ya zama kamar yadin leshi. Na shafa maganin a gefe guda don in gwada iyakarsa. Ya yi baƙi sumul, gwanin kyau, amma da na danna sukundireba sai ta wuce. Wannan shi ne haɗarin maganin, kuma shi ya sa nake jin takaicin yadda bayanin jikin kwalbar ya cika masa baki. Yana sa ruɓaɓɓen wuri ya yi kama da gyararre. Ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi, kuma ba ya ratsa ɓawo mai kauri. Saman kawai yake juyawa, tsatsar ƙasa tana nan da ranta. Wanda bai sani ba zai ga baƙi ya fesa fenti ya kama hanya, alhali wurin da zai kafa jak ba zai ɗauki nauyin motar ba. Mutum ne fa zai kwanta a ƙarƙashinta, iyali kuma za su kwana a cikinta.

Dokin ƙofa ya nuna mini wata gazawar daban. Falle-falle ne aka ɗora aka ɗinke da ɗigon walda, tsatsa kuma daga ciki take farawa, inda ruwa ke kwanciya idan ƙofofin tsiyayarsa suka toshe. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take tura fallayen su buɗe, fenti ya kumbura. Duk kumburin da ka gani a waje, ɓarnar ciki ta fi shi faɗi. Maganin ba ya shiga tsakanin fallayen nan yadda ya kamata. Ga shi kuma wani mai gyara a can baya ya cike wurin da bodifila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi, har da ragar waya. Maganaɗisu ne ya tona asirin, don ya ƙi kamawa a tsawon rabin ƙofar. Bodifila kan tsotsi danshi idan bayanta a buɗe yake, sai ta riƙe ruwa a jikin ƙarfen ta ƙara masa ciwo.

A nan sai yanka da walda. An yanke har sai da aka tarar da ƙarfe mai haske ta kowane gefe, aka yanko sabon falle daidai kaurin na asali, wanda a yawancin bangon motar bai wuce milimita ɗaya ba. Ƙarfe siriri haka ba ya son zafi. Injin walda na MIG (mai turo waya da kansa) da waya mai kaurin milimita 0.6 da iskar agon gauraye da kabon-dayoksaid shi ya fi dacewa, kuma ba a jan dogon layi. Ɗigo ake yi nan, a tsallaka can, a bari ya huce, a dawo, har ɗigon su haɗe. Wanda ya yi gaggawa zai ga fallen ya lanƙwashe, daga nan kuma sai cika da bodifila don a ɓoye. Sanya guntun tagulla a bayan wurin yana ɗauke zafi, yana hana hudewa, kuma walda ba ta manne masa. Kafin a fara, a cire batir da katako da soso, a kuma tuna tankin mai yana gaban ɗakin injin, kusa da inda ake aikin baya.

Abu guda da ya kamata a kiyaye: kada a shafa maganin a inda za a yi walda. Ɗankonsa yana ƙonewa ya ɓata haɗin, ya tada hayaƙi. Fuskokin da za su rufu da juna ana fesa musu fenti mai zink wanda walda ke ratsawa, a wuri mai iska, domin hayaƙin zink ma yana sa zazzaɓi. Bayan an gama a toshe bakin haɗin da manne na musamman, a fesa kaki cikin dokin ƙofa da sandunan shasi, a tabbatar ƙofofin tsiyayar ruwa a buɗe suke. Kakin nan, a ganina, ya fi maganin tsatsar muhimmanci a waɗannan lungunan.

Akwai wasu ƙananan halayensa da ya kamata mai saye ya sani. Idan ka tsoma buroshin da ya taɓa tsatsa a cikin kwalbar, sauran zai fara lalacewa, don haka a zuba kaɗan a wani mazubi, abin da ya rage kuma kada a mayar. Ba ya son sanyi mai tsanani, kuma a ƙarfen da rana ta gasa yana bushewa kafin ya gama aiki. Shi kaɗai ba fenti ba ne. Idan aka bar shi a buɗe cikin ruwa, jan zai dawo. Inda ya taru ya yi kauri kuma sai an ɗan bi da sanfefa kafin fenti ya kama. Na kuma gwada fentin a ɗan wuri tukuna, tunda ba kowane fenti ke zama lafiya a kansa ba.

Zan sake saya, kuma ina ba duk mai irin wannan motar shawarar ya ajiye kwalba ɗaya saboda rufi, cikin bango, shasi mai ƙwari, da ƙananan ƙarafunan da ba a samun sababbinsu. Amma kafin ya buɗe kwalbar, ya ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma da maganaɗisu ya zagaye motar ƙasa da sama. Inda ƙarfe ya amsa da ƙara mai tsini, maganin ya isa. Inda ya amsa a dishe ko ya lotsa, a nemi mai walda wanda ya saba da siririn falle, a kuma fara da wuraren kafa jak da dokin ƙofa kafin a taɓa komai na ado.